Karkiya a Sama

Shekararsa arba'in da ɗaya ran da na saye shi,
ya girmi ɗan farina.
Injin casa biyu na sayar, da fegina na Haɗeja.
Dangi suka yi taro a kaina,
suka ce Ɗan'azumi ya sayo ƙwarangwal,
zai shanya dukiyarsa a iska.

Wata goma sha huɗu yana kwance a rumfar kwano
bayan garin Auyo.
Nafi'u makanike ya feɗe shi kamar ragon layya,
ya fidda tsoffin injuna masu tarin asuba,
ya ɗaura biyu sababbi fil.
Farfela mai kunne biyu ta koma mai uku.
Agogunan da suka cika mini gaba, kowa da allurarsa,
allo ɗaya ya gaje su,
yana nuna mini kogi tun ban hango ruwa ba.
Bakin kowane fiffike ya ƙara tanki,
ya goge hannu ya ce,
"Yanzu kai za ka gaji, ba shi ba."

Filina jan birji ne, taku dubu da 'yan kai,
tsakanin gonar riɗi da maƙabarta.
Sai an kori awaki nake tashi.
Ramlatu, autata, ke riƙe da tsohon zane a kan gora
don in ga inda iska ta dosa.

Wata Talata cikin Agusta ruwa ya ci hanyar Kafin Hausa,
na tashi in dubo wa mutane inda gaɓa ta ɓalle.
Daga can fadama farantin tangaran ce da ya fashe,
kacalla ta cike tsagar,
kwalekwale bai fi ƙwayar shinkafa ba,
garken jan-baki na murɗawa ƙarƙashina kamar hayaƙin gayya.

Sai na hagu ya yi tari.
Ya sake.
Ya yi shiru.

Hancin jirgi ya kwasa hagu, allo ya yi ja,
gumi ya sauko mini har cikin takalmi.
Na nemi muryar malamina na Zariya, ban same ta ba.
Ta Baba ce ta zo.

Ina ɗan shekara tara, muna huɗa a jigawa,
Gajere ya taka ƙaya ya sage,
Ɗan Baƙi bai sani ba, yana ta ja,
garma ta karkace ta bi gurgun.
Na saki igiya zan yi kuka.
Baba ya ce, "Kai, danna wajen mai ƙarfin!
Sassauta wa maras lafiya karkiya.
Kunya ta miƙe tukuna, kuka ya jira bakin gona."

Na take ƙafar dama har cinyata na rawa.
Na kwantar da kunnuwan farfelar hagu
su daina kokawa da iska,
na jingina fiffike kaɗan wajen mai ran.
Kunya ta miƙe.

Minti goma sha bakwai,
na ƙirga su da istigfari.
Na hango zanen Ramlatu, na hango kushewar Baba a gefe,
ban tsaya gaisuwa ba.
Taya ta taɓa birji, taɓo ya fantsamo gilashi.

Kwana biyu Nafi'u yana lalube.
A na uku ya zo da abu a tafin hannu, yana dariya:
gidan zanzaro, bai kai kan ɗan yatsa ba,
an gina shi tsaf a hancin da tanki ke numfashi.
Injin casa biyu da fegi,
ga laka ta kusa cinye su.

Dangi sun sake taro. Na ba su shayi.

Yanzu kullum da hantsi, kafin in taɓa makunni,
nakan zagaya shi da tsinken tsintsiya
ina tsokacin kowane rami,
yadda Baba kan ɗaga kofaton sa ɗaya bayan ɗaya
yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.